Rigar Maman Da Na Auna Da Ido

In dai ina da rai da hankalina, ba zan taɓa mantawa da jegon da matar ɗana ta yi a ɗakina ba, shekarar da na kusa raba jaririya da nonon uwarta saboda rigar mama. Yarinyar da aka haifa ɗin yanzu har ta shiga firamare, tana zuwa ta cinye min ƙosai sannan ta ce gishiri ya yi yawa. Amma har gobe in na tuna abin sai in yi dariya, in kuma ji ƙirjina ya ɗan buga.

Da na ce ɗana, ɗan ƙanena ne. Ni na riƙe shi tun daga yaye, a gidanmu na Jakara ya tashi, Gwaggo yake ce min. To da maganar aurensa ta taso ba wanda ya yi gardamar cewa ni zan haɗa lefe. A danginmu an san ni da wannan. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, fita kuma ba ta dame ni ba, sai in yi wata guda ban leƙa bakin titi ba. Amma in zancen kaya ne ina da ido, ko kuma in ce haka na ɗauka a lokacin. In na kalli mace sau ɗaya zan gaya miki yadi nawa zai ishe ta riga da zane. Ana ta yabona, ni kuma na yarda da kaina fiye da kima.

Yadda aka saba, ana aika wa babbar ƙawar amarya ta rubuto awo a takarda. Takarda ta zo, 'yata ta karanta min, ga lambar takalmi, ga awon zobe, ga tsawon riga. Wajen rigar mama kuwa fayau, ba a rubuta komai ba. Ƙawar ta ce ta tambaye ta har sau uku, amarya ta rufe fuska ta ce ita ba za ta iya faɗa ba, takardar da za ta je hannun dangin miji. 'Yata ta ce bari ta kira ta a waya su yi ta tsakaninsu, na hana. Na ce kada a takura wa 'yar mutane, ai na gan ta da idona.

Na gan ta kuwa, sau ɗaya tak, ranar da muka je gaisuwa gidan kakarta a Sheshe. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, kakar ce ta raine ta. Ta shigo cikin hijabi har ƙasa, ta ajiye mana ruwa, ta koma can nesa ta durƙusa. Abin da na gani bai wuce 'yar siririyar fuska da tsintsiyar hannu ba, hannun kamar na 'yar shekara goma sha biyu. Da wannan tsintsiyar hannun na auna ƙirjin 'yar mutane.

A kasuwa mai shagon ya tambaye ni wace lamba. Na ce ni ba ruwana da lamba, na dunƙula tafukana biyu na nuna masa. Ya yi murmushi, ya zube min kaya, ya ce a kai a gwada, in ba su yi ba a dawo da su. Na ce a ina ya taɓa jin an gwada kayan lefe. Ya ɗauko masu soso, irin waɗanda 'yan mata ke ce wa a-cuci-maza, na ce ya mayar, ɗana ba za a cuce shi ba. Na zaɓi dozin guda masu ƙarfe a ƙasa, masu leshi, kowace da kalarta. Akwai wata ruwan makuba da ta fi shiga raina, na daɗe ina juya ta a hannu.

Ranar kai lefe, da aka zo kan akwatin ƙananan kaya, ni na karɓi ɗagawa daga hannun mai ɗagawa. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina faɗa wa mata cewa da hannuna na zaɓa, ban tambayi kowa lamba ba. Kun san irin wannan magana ba ta kwana, tabbas ta isa kunnen amarya. Ranar da aka kawo ta kuma, da aka gama nasihar haƙuri da biyayya, na ja ta gefe na ƙara mata tawa. Na ce in tana son ƙirjinta ya tsaya kada ta rabu da rigar mama, har barci, kuma ta matse sosai, sakwa-sakwa ba ya riƙe komai. Wata dillaliya ce ta gaya min haka tun ina amarya, ni kuma na riƙe kamar karatu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Gwaggo." Duk abin da na faɗa mata a duniya amsarta ke nan.

Suka tare a wani ɗan gida can bayan Ƙofar Ɗan Agundi. Shekara ta zagayo da 'yan watanni Allah ya sauke ta lafiya, aka sami mace. Kakarta ta tsufa, idonta ma ya yi rauni, ba za ta iya da dafa ruwan jego ba. Na ce a kawo min ita. Wallahi murnar da na yi ba ta faɗuwa. Na share ɗakina, na sa aka jibge itace, na tanadi kanwa da kayan yaji. Safe da yamma ruwan zafi da ganyen darbejiya, kunun kanwa da ɗumi, farfesu ba ya yankewa. Satin farko ungozoma ce ke yi mata wankan, bayan suna ta koma yi da kanta, ni dai in dafa in kai mata banɗaki. Wankinta da na jaririya kuwa ni na ɗauka, na ce mai jego ba ta taɓa ruwan sanyi a gidana.

Washegarin suna na tuna mata da zancenmu. Na ce yanzu ne ma lokacin, in ta sake a wannan arba'in ɗin shi ke nan nonuwan sun zube. Ta ce to. Da na fara wanki kuwa sai ga rigunana, har da ruwan makubar nan. Ina shanya su a igiya ina jin daɗi, har na kira 'yata na nuna mata, na ce kin gani, shekara guda da wani abu kuma har yanzu su take sawa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ga ƙirjinta ya cika, ya fi ƙarfin abin da na dunƙula wa mai shago nesa ba kusa ba. Sai na ce ai ruwan nono ne, matsewar ce ma za ta riƙe shi. Kuma ni Allah ya ba ni kunne. Daga kan gadona ina gane takun kowa a soro, ina sanin tukunya ta kusa ƙonewa daga ƙarar tafasarta. Kullum in ta fito wanka ta shiga bayan labule, sai in ji ta ja iska ta tsakanin haƙora, wani lokaci kuma in ji wani ɗan ƙarfe ya faɗi a siminti, ƙil. Na ce ɗan kunne ne, jan iskar kuma ciwon haihuwa ne bai gama sakinta ba. Kunnen ya yi aikinsa, mai kunnen ce ba ta yi nata ba.

Wajen kwana ashirin da haihuwa, da safe ta kasa shanye kununta. Kafin azahar tana rawar sanyi, ga shi lokacin zafi ne, kowa na neman inuwa ita tana neman bargo. Da ta zo ba jaririya nono, yadda ta saba, tura rigar sama take yi ba ta cirewa, sai na hango ɓangaren hagu ya yi jawur ta wajen hammata, ya kumbura yana sheƙi. Jaririya ta kama ta saki, ta kama ta saki, ta ɓare baki da kuka.

Kukan ne ya fito da Hajiya Babba, mahaifiyar maigidana, wadda a gidan nan in ta yanke magana ta yanku. Ta haifi tara ta shayar da su, kuma tunda take ba ta taɓa sa rigar mama ba. Linzami take ce mata. Mun daɗe muna wannan musun da ita cikin raha, tana cewa matan yanzu sun ɗaure kansu kamar kayan jaki, ni ina cewa zamani ne ya wuce ta. Ranar kuwa ba raha. 'Yata ma ta zo ta ƙara dagula lissafi, ta kunna mana wata murya da aka turo mata a waya, wata mata tana ta rantsuwa cewa rigar mama ce ke kawo ciwon daji. Na ga fuskar mai jego ta sauya. Na ce wa 'yata ta kashe abin nan ko in jefa shi rijiya.

Hajiya Babba ta ce ba a yin magana da ka, a gwada nonon. Ga wadda ba ta sani ba, gwajin tsofaffi ne. Ana tatsa nonon a ludayi, a kamo tururuwa a saka a ciki. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, sai a ce nonon mugu ne, a cire yaro, uwar ta yi ta shan saƙe-saƙi. Ba cirewar ce kaɗai abin tsoro ba, sunan ne. A layinmu akwai matar da aka taɓa yi wa haka, duk ɗan da ta haifa bayan nan sai dangin miji su hana ta ba shi, har ta gama haihuwarta ba ta shayar da ko ɗaya yadda ya kamata ba.

Aka tatsa da ƙyar, yarinyar nan tana cije leɓe. Hajiya da kanta ta kamo baƙar tururuwa a gindin bango ta saka. Muka sunkuya mu uku a kan ludayi. Tururuwa ta yi ta wutsil-wutsil, ta zagaya sau biyu, ta kai bakin ludayin ta zame, can sai ta tsaya cak.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, da tausayi ma ta yi maganar. Ta ce Allah ya sa kaffara ce, daga yau a cire jaririya, a aika gidan maƙwabta masu akuya a karɓo nono a dafa. Hawayen mai jego na ta ɗiga a kan hular jaririyar. Can ta ɗago ta dube ni, ba Hajiya ba, ta ce, "Gwaggo, har ɗaya ɓangaren ma?" Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce ai jiki ɗaya ne, duk biyun.

Ni fa a lokacin na yarda da gwajin nan, da shi na tashi. Aka kawo nonon akuya na dafa na ajiye ya huce. Abin da ban sani ba shi ne ruwa nawa ake sirkawa ga jaririyar sati uku. Shi ya sa na yafa mayafi na shiga gida na uku da namu, wajen wata maƙwabciyarmu da ta yi aikin karɓar haihuwa a asibiti har ta yi ritaya. Sista duk unguwa ke ce mata. Babarbariya ce, kakanninta suka zo daga Barno, ni kuma kakannina Fulani ne, don haka ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Na same ta tana tsince shinkafa, na gaya mata abin da ya kawo ni.

"Bafulatana, shanun naku sun ƙare ne kuka koma tatsar akuya?" in ji ta.

Na ce ta bar wasa, jikata ce za ta sha. Ta tambayi ina uwar, na kwashe komai na faɗa mata, tururuwa da zazzaɓi da kumburi. Tana jin zazzaɓi ta ture farantin shinkafar, ta zura takalmi, ko mayafin kirki ba ta tsaya nema ba.

Ta gaida Hajiya Babba har ƙasa, ta nemi izini, muka shiga ɗaki mu uku, ni na rungumi jaririya. Ta taɓa goshin mai jego, ta ce ta cire riga. Ta cire. Sista ta ce har ta cikin. Yarinyar nan ta saci kallona, ta juya baya. A nan na ga abin da kunnena ya yi sati biyu yana ji. Maɗaurin rigar bai kai ba, ko kusa. Wani ɗan ƙyallen atamfa ta naɗe ta ƙara a tsakani, ta kama shi da fil biyu, ɗaya nan ɗaya nan. Kullum kafin ta sa rigar a kayan wanki sai ta cire ƙyallen ta ɓoye don kada in gani. Sista ta ɓalle fil ɗin, rigar ta yi tsalle kamar roba. Shatin ƙarfen nan ya kwanta a jikinta jawur, ba a ƙarƙashin nonon ba, a kansa, ya nutse daidai wurin da ya kumbura.

Sista ta ɗaga rigar da yatsu biyu tana kallo. Ruwan makubar ce. Ta ce wannan ai rabin mutum aka saya wa. Ta dubi mai jego ta ce, "'Yata, wane maƙiyin naki ne ya saya miki wannan?"

Sai na ji yarinyar nan ta ce, a hankali, "Ni na saya, Sista. Ban duba lambar ba ne."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Zazzaɓi na cinta, an yanke za a raba ta da 'yarta, amma ni take rufa wa asiri. Na ce, "Ƙarya take yi, ni ce. Da ido na auna ta, ta cikin hijabi. Kuma ni na ce ta kwana da ita."

Sista ta dube ni. Na shirya wa wankin babban bargo, sai kawai ta girgiza kai ta ce daman ta san aikin Fulani ne. Dariya ta kuɓuce wa mai jego cikin hawaye, ta yi saurin rufe baki.

Daga nan Sista ta zaunar da mu ta yi mana bayani yadda ko ni na gane. Ta ce ruwan nono ta wasu siraran hanyoyi yake bi, ƙarfen nan ya danne su dare da rana, ruwan ya rasa mafita ya taru, wurin ya kumbura har ya kawo zazzaɓi. Ta ce nonon ba guba ba ne, ɗanɗanonsa ne ya ɗan yi gishiri-gishiri, ga kan ya yi tauri, shi ya sa jaririya ke saki. Kuma babban kuskuren da za mu yi shi ne cire ta, domin tsotsonta na cikin maganin. In aka bar shi ba a sha zai iya tara ruwa har sai an tsaga. Ta ce saboda zazzaɓin dole a je asibiti a yau a rubuta mata magani, ba gobe ba.

Na tambaye ta zancen daji da muka ji a waya, don na ga shi ne ya fi tsaya wa yarinyar a rai. Ta ce duk shekarun da ta yi tana aiki ta ga ciwon nan a jikin masu sawa, ta gan shi a jikin matan da ba su ma san yadda ake ɗaura ta ba. Riga ba ta kawo shi, cire ta ba ya hana shi. Wadda ta ji ƙullutun da ya ƙi tafiya ta je a duba ta, ta daina zargin tufafi. Ban daddara ba, na ce to zubewa fa, ai dai tana hana zubewa. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da kika yi shekara talatin a ɗaure, ina naki suke?" Na ce Allah ya isa tsakanina da Barebari. Ta ce ciki ne da shekaru da gadon gida ke wannan aikin, rigar mama iyakarta ta tallafa miki in nauyi ya dame ki.

Saura Hajiya Babba, ita ce babban aikin. Na ɗauka Sista za ta ce mata gwajin nan camfi ne, da kuwa an ɓata. Ba ta yi haka ba. Ta durƙusa gabanta ta nuna mata rigar da ƙyallen da fil, ta ce, "Baba, kin fi mu gaskiya, wannan ce ta jawo." Fuskar Hajiya ta washe, ta dube ni ta ce shekara nawa tana gaya min. Na ce na tuba. Amma ta ce duk da haka tururuwa ta mutu, kowa ya gani. Sista ta ce haka ne, to tunda nonon akuyar nan za a ba jaririya, ai ya kamata shi ma a gwada shi, kada a gudu daga wani a faɗa wani. Hajiya ta ce wannan magana ce. Aka wanke ludayi aka zuba, ta sake kamo tururuwa da hannunta. Muka sake sunkuyawa. Ita wannan ko zagaye biyun ba ta yi ba.

Hajiya ta daɗe tana duban ludayin. Ta karkata shi, ta taɓa tururuwar da tsinke. Can ta ce, "Tururuwan bana ne ba su da ƙwari." Ba wanda ya yarda ya haɗa ido da wani. Ta ce ta ba mu kwana uku, in jaririya ta kama ta sha ta ƙoshi shi ke nan, in ba haka ba a koma maganarta.

Da la'asar muka hau a-daidaita-sahu ni da mai jego da Sista, aka duba ta, aka ba ta magungunan da mai shayarwa za ta iya sha. Ɗana ya zo bayan magariba hankali a tashe yana tambayar me ya same ta. Ni ban iya ba, ita ba ta iya ba, 'yata ta gudu ɗaki. Hajiya ta ce masa ciwon mata ne, ya tashi ya tafi masallaci. Har yau ban san ko ya taɓa jin ainihin labarin ba.

Kwana ukun nan na yi su kamar a kan ƙaya. Rigunan nan na tattara na cusa a ƙasan akwati, ta koma sa babbar riga sakakkiya. Sista na leƙowa safe da yamma, ta nuna mata yadda za ta riƙe jaririya ta kama da kyau, da yadda za ta ɗora tsumma mai sanyi in ta gama. Ranar farko kuka ne, uwa na yi 'ya na yi. Rana ta biyu zazzaɓi ya sauka, amma jaririya na shan dama ta ƙi hagu. Hajiya kuwa kullum sai ta jawo tabarmarta kusa da ƙofarmu tana jan carbi.

Rana ta uku da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗe, na ba ƙofar baya. Sai na ji kukan ya yanke. Na tsayar da rariya. Daga cikin ɗaki na jiyo wani ɗan sauti, ƙut, ƙut, ƙut, a jere ba tsayawa. Duk wadda ta taɓa goyo ta san wannan, haɗiya ce ta yaron da ruwa ke zuwar masa sosai. Na ce wa Hajiya tana sha, kuma hagun ne. Ta ce ta yaya na sani ina nan zaune. Na ce ta leƙa. Ta dogara sanda ta ɗaga labule, ta daɗe a tsaye, sannan ta juyo ta ce a mayar wa masu akuya kwanonsu, a yi musu godiya.

Da mai jego ta warware, Sista ta kawo tef ɗin tela ta auna ta a gabana, ta rubuta a takarda, ta ce a sayo masu laushi na auduga marasa ƙarfe, masu buɗewa ta gaba, guda biyu kawai tukunna don jikin mai shayarwa sauyawa yake yi. In ta ji tana so ta sa, in ta ji ta ishe ta ta cire. A ranar na san lambar da na sayo da tata ko maƙwabtaka ba su yi ba.

Wata rana da yamma, ana saura kwana kaɗan arba'in, ina shafa wa jaririya mai, na tambaye ta abin da ke cina. Ta ce a gidanta tana da nata da ta saya daidai ita, nawa suna nan a akwati a ninke. Da za ta taho ne ta tuna ni zan riƙa wanki, zan ga abin da ke kan igiya, sai ta bar nata ta kwaso nawa. Na ce to don me, ni dodo ce, da ta faɗa min me zan yi mata. Tana wasa da ƙafar 'yarta ta ce, "Gwaggo, tunda Ummana ta rasu ba wanda ya taɓa shiga kasuwa ya zaɓo min abu da hannunsa. Na ji an ce kin daɗe kina zaɓa."

Na miƙa mata jaririyar na ce hayaƙi ya shigar min ido, alhali ko wuta ban hura ba.

Yanzu in mata sun taru ana musun rigar mama, wannan ta ce cuta ce waccan ta ce magani ce, nakan ce musu ba ko ɗaya. Wadda ta yi miki daidai ba za ta cuce ki ba, wadda ta matse ki kuwa ko ta zinare ce ki cire, balle kina shayarwa. Amma abin da na fi koya ba na riga ba ne. Na koyi cewa yarinya mai kunya in ta ce miki to, ba lallai ne ya yi mata ba, wataƙila ke ce ba ta son ta ɓata wa. Alherin da aka yi ba a tambayi mai shi ba yana iya zama ciwo, kuma wadda ta fi son ki ita za ta fi daɗewa tana ɓoye shi. Shi ya sa yau ko ɗankwali zan ba mace sai na tambaye ta ko ya yi mata, in ta ce e, in sake tambaya, in kuma tsaya in saurara da kyau.